Yadda ake kulle kwalekwalen kayak a saman mota a Abuja

Mai kayak ba ya fargaba a kan jirginsa yana cikin ruwa. Sai an fito daga Tafkin Jabi, an ɗora shi a saman mota, an tsaya sallah ko cefane ko cin abinci, ko kuma an kama hanyar Jos da niyyar shiga ruwan Rayfield dare ya yi an sauka a otal, sannan hankali ke komawa waje. Kayak na mutum ɗaya, irin na roba mai kauri da aka fi gani, tsawonsa mita 3 zuwa 4 ne, nauyinsa kilo 18 zuwa 30. Na mutum biyu yakan kai kilo 35 ko fiye. Ke nan mutum biyu za su sauke shi cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, su jefa a bayan a-kori-kura. Ba shi da lambar mota, ba shi da inji, kuma kusan kowane ɗaya daga ƙasar waje aka shigo da shi, don haka maye gurbinsa sai an sake jiran kaya da biyan kuɗin fito.

Babu kwaɗo ko sarƙar da injin yankan ƙarfe mai batir ba zai ci ba. Abin da kake nema shi ne aikin ya ɗauki ɓarawo lokaci, ya tilasta masa kawo kayan aiki, ya kuma yi ƙarar da za ta ta da maigadi. Mafi yawan masu ɗauke kaya a saman mota ba da shiri suke zuwa ba. Reza ce ko ƙaramar wuƙa a aljihu, wani lokaci da sufana.

Ɗauri daban, kulli daban

Nan ne aka fi yin kuskure. Bel ɗin da ke riƙe jirgi a kan hanya aikinsa hana iska ɗaga shi. Zare ne, reza na raba shi biyu a daƙiƙa ɗaya, ba ma sai an yanka ba, danna bakinsa kawai za a yi ya saki. Kebul ko sarƙar kulli kuwa aikinta hana mutum, kuma ba ta riƙe jirgi a gudun kilomita 100. Dole a yi duka biyun, kowanne da kayansa.

Wajen ɗauri, a nemi bel biyu masu faɗin milimita 25, tsawon mita 4 zuwa 4 da rabi, masu bakin da ake dannawa da yatsa. Kowanne ya haura kan jirgin, ya zagaya ƙarƙashin sandar kariya, wato ƙarfen ɗora kaya da ke saman mota, ta ɗaya gefen, ya dawo, ya sake zagaya sandar ta wannan gefen, sannan a ja da hannu. Kada a yi amfani da irin bel ɗin direbobin tirela mai hannun da ake bugawa. Ƙarfinsa ya wuce na jikin jirgin, kuma a zafin Abuja na watan Maris da Afrilu roba na yin laushi, sai ka sauke jirgi ka tarar gindinsa ya loɓa daidai inda sanda ta taɓa shi. Jirgi mai loɓaɓɓen gindi ba ya tafiya miƙe a ruwa. A tafiya mai nisa a ƙara igiya ɗaya daga goshin jirgi zuwa gaban mota, ɗaya daga wutsiya zuwa baya, a ja su daidai yadda ba za su yi lilo ba, ba tare da an lanƙwasa jirgin ba.

Akwai bel na musamman da aka saƙa siraran wayoyin ƙarfe a cikinsa, bakinsa kuma da makulli. KanuLock da Thule suna yin irinsa. Reza ba ta raba shi, don haka ya isa ga tsayuwar minti goma a gidan mai ko a masallaci. Filaya mai kaifi kuwa tana cinye shi, saboda haka ba abin kwana ba ne.

A fara da kariyar kanta

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutum zai sayi kwaɗo mai tsada ya kulle jirgi a jikin kariyar da noti huɗu ke riƙe da ita. Ɓarawo ba zai ko kalli kwaɗon ba. Zai kwance kariyar da alanki, ya tafi da jirgin da sandunan tare. A Abuja, inda ake ɗauke murafan ramukan titi don ƙarfensu har hukumomi suka dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu a watan Janairun 2025, sandar alminiyam ita kanta kaya ce, ko babu jirgi a kanta.

Duba irin kariyar da kake da ita. Idan motarka irin Highlander ko Sienna ko RAV4 ce mai dogayen ƙarafa biyu da suka bi tsawon rufi daga kamfani, kuma akwai sarari tsakanin ƙarfen da rufin, to kana da wurin kulli mai kyau, domin notinsu a ɓoye suke, wasu ma sai daga cikin mota ake kai musu. Kebul ɗinka ya zagaya wannan dogon ƙarfen, ba sandar giciye kaɗai ba. Amma ka ƙwanƙwasa ka ji, don a motoci da yawa ƙarshen ƙarfen murfin roba ne kawai, tsakiyar ce ƙarfe.

Idan kuma Corolla ce ko Camry mai rufi sumul, kariyar tana kama bakin ƙofa ne da ƙugiya. Irin wannan ita ce mafi rauni. Masu kyau, kamar na Thule da Yakima, suna da gurbin makulli a kowace ƙafa wanda ke rufe notin. Sau da yawa ana sayar da kariyar ba tare da ƙwayar makullin ba, wani ɗan toshin roba ne a gurbin, wanda kwabo ko sukundireba ke juyawa. Ka duba naka, in toshi ne ka sayi ƙwayoyin guda huɗu masu mabuɗi ɗaya. Ko da makullin, wanda ya sa ƙarfe ya banƙare zai iya fizge ƙugiyar, ya lalata maka bakin ƙofa. Don haka a irin wannan mota, kullin dare sai ya sauko ya kama jikin motar, kamar yadda za a bayyana a ƙasa.

Kariyar da mai walda ya ƙera, irin wadda ake yi a Apo ko a Dilimi a Jos, tana da nauyi amma ta fi sauƙin gyarawa don tsaro. Ka sa ya yi maka abu biyu: ya ɗiga walda a kan kowane noti bayan an ɗaure, yadda sufana ba za ta juya shi ba, ya kuma liƙa zoben rodi mai kaurin milimita 12 a tsakiyar kowace sanda, ta ƙasa, inda jirgin zai rufe shi. Ka auna nauyin kariyar kafin a ɗora. Ƙananan motoci da yawa kilo 50 zuwa 75 ne iyakar abin da rufinsu ke ɗauka ana tafiya, har da nauyin kariyar, kuma adadin yana cikin littafin motar.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: kebul ya zagaya sanda tsakanin ƙafafunta biyu. In ya zagaya ɓangaren da ya leƙo waje bayan ƙafa, cire murfin bakin sandar kawai za a yi a zare shi.

Inda kebul zai bi a jikin jirgi

Hannuwan ɗauka da ke goshi da wutsiya ba wurin kulli ba ne. Igiya ce ko roba da sukuru biyu ke riƙewa. Haka igiyoyin da suka zagaye saman jirgi, da ƙananan zobban roba da ake rataya kaya. Ƙa'idar ita ce, kebul ya bi ta inda in za a fitar da shi sai an fasa jikin jirgin, domin fasasshen jirgi ba ya sayuwa.

Kayak mai taurin jiki iri biyu ne. Akwai wanda ake zama a kansa, buɗaɗɗe, irin wanda aka fi bayarwa haya. Wannan yana da ramukan tsiyayar ruwa da suka huda shi daga sama har ƙasa, yawanci huɗu zuwa takwas, faɗin kowanne santimita 2 da rabi zuwa 4. Nan ne wurin kulli. Kafin ka sayi kebul ka auna ramin, domin kebul mai zobe a bakinsa biyu galibi ba ya shiga, zoben ya fi ramin faɗi. Nemi mai baki ɗaya siriri wanda ake zura shi cikin kan makulli a ja ya matse, irin Python na kamfanin Master Lock, ko ka sa a yi maka zobe ɗaya ƙarami, matsattse. Zura shi ta ramin da ya fi kusa da sanda, ya zagaya sandar da dogon ƙarfen rufi, ya dawo. In kebul ya isa, ya shiga ta rami ɗaya ya fito ta na kusa da shi.

Sai dai a yi hattara. Bangon wannan rami shi ne wuri mafi rauni a jirgin, kuma in ya tsage ruwa zai riƙa shiga cikin jirgi a ɓoye, gyaransa kuma da wuya don hannu ba ya kai wa wurin. Kada a ja kebul ya yi tauri a cikin ramin, kada kuma a mayar da shi abin ɗauri. A sa wa ɓangaren da ke cikin ramin guntun tiyo, a bar masa ɗan sassauci.

Iri na biyu shi ne wanda ake shiga cikinsa, mai bakin rami ɗaya inda mutum ke zura ƙafafu. Ba shi da ramin tsiyaya. Wasu suna da ɗan ƙarfe a bayan wurin zama da kamfani ya sa don kulli, wasu kuma kujerarsu haɗe take da jiki, akwai sarari tsakaninta da bango inda kebul zai wuce. In kujerar da noti aka kama ta, ka duba ko ana iya kwance su daga waje. In ana iyawa, ba ta da amfani.

Abin da ya fi dacewa da wannan iri shi ne zarge biyu. Jirgin siriri ne a goshi da wutsiya, mai ciki a tsakiya. Ana zura zoben kebul ɗaya ta goshi, ɗaya ta wutsiya, kowanne ya shiga har ya cije, sannan a haɗa jelarsu a tsakiya, bayan an naɗe su a jikin sanduna, a kulle da kwaɗo ɗaya. Zoben ba zai matsa ciki ba don jirgin ya yi masa faɗi, ba zai fita waje ba don ɗan'uwansa na riƙe da shi. Ana sayar da shi a shirye, amma ana iya haɗa shi a nan. Ga awon: ɗauki igiya ka zagaya jirgin a tazarar santimita 70 zuwa 80 daga tsinin goshi, abin da ta ba ka shi ne zagayen zoben. Yi haka a wutsiya, don faɗinsu ba ɗaya ba ne. Kowace jela ta kai tsakiyar jirgi ta wuce da kamar mita ɗaya, saboda naɗi. Sayi kebul ɗin ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10 a wajen masu kayan gini, a Dei-Dei ko makamancinta, ka zura shi cikin tiyon ban ruwa tun kafin a rufe zobban, don kada ya kankare jirgi da fentin mota.

Wajen rufe zobe ne aikin ke lalacewa. Masu sayar da kebul za su ba ka ƙananan maɗaurai masu noti biyu. Sufana mai lamba 10 ko 13 na kwance su. Ka sa a matse haɗin da bututun alminiyam ko na jan ƙarfe a injin matsi, ko kuma in maɗauran kaɗai ake da su, a sa uku a kowane haɗi, a ɗaure, mai walda ya kashe notin, yana ɗigawa kaɗan kaɗan don zafi mai yawa na raunana kebul.

Bayan ka kulle, gwada da hannunka: ja zoben goshi ka ga iyakar inda zai zo. In ya zo kusa da tsini, sassaucin ya yi yawa, ƙara naɗi ɗaya a jikin sanda. Kada ya matsa fiye da santimita 30. Ka gwada kuma bayan ka kwance bel, domin ɓarawo zai yanke su ya tura jirgin gaba ko baya ya nemi sarari. Gajeren jirgi mai dunƙulallen goshi, wanda bai kai mita 3 ba, zarge ba ya kama shi sosai. Ga irinsa, gara a sa zoben ƙarfe marar tsatsa a saman jirgin bayan wurin zama, da faranti da noti ta ciki, a shafe hujin da silikon, a kashe notin.

Kebul, sarƙa da kwaɗo

Siririn kebul na kulle keke, mai lambobin juyawa, kada ma a kawo shi. Kuma kada kaurin robar da ke kansa ya ruɗe ka, sau da yawa rabin kaurin roba ce. Kalli bakin inda ƙarfen ya bayyana. Kebul mai milimita 10 zuwa 12 ya fi ƙarfin wuƙa da ƙaramar filaya, kuma yana da sauƙin lanƙwasawa, amma almakashin yankan rodi na gamawa da shi shiru. Sarƙar da aka gasa ƙarfenta, mai kaurin milimita 10, ita ke tsayar da almakashi, sai dai kowace mita tana haura kilo 2. Sarƙar rijiya ko ta ɗaure janareta da ake aunawa a kasuwa ƙarfenta danye ne. Ga gwaji mai sauƙi: goga zarton ƙarfe a kan zobe ɗaya. In ya ci nan take, ba gasasshiya ba ce. In ya zame yana ƙara, ita ce. Tsarin da ya fi shi ne kebul don rana da gajeriyar tsayuwa, sarƙa don dare, tana cikin but sai an yi fakin. Ba a tafiya da sarƙa a saman mota, za ta daddake rufin, in kuma aka taka birki da ƙarfi ta zama abin jifa.

A wajen kwaɗo, araha ba ta ado. Ɗan kwaɗo mai ruwan zinariya da ake sa wa akwati, sufana biyu aka sa a cikin bakinsa aka matse sai ya fashe. A nemi mai kaurin baki milimita 9 zuwa 10, wanda kafaɗunsa suka rufe bakin, ko mai siffar faifai wanda ɗan bakin kaɗan ne a waje. Ka je da sarƙar ko zoben kebul ɗinka shago ka gwada, don irin waɗannan bakinsu matsattse ne, ba kowace sarƙa ke shiga ba.

Inda kwaɗo ya zauna ma magana ce. Ya kasance a tsakiyar rufi, ƙarƙashin jirgin, inda hannu ke kaiwa da ƙyar, dogon almakashi kuma ba shi da wurin buɗe baki. Kada ya kwanta a kan ƙarfe ko ƙasa, inda guduma za ta same shi da matashi. Ramin mabuɗin ya kalli ƙasa. Ƙurar hunturu da ruwan damina su ne ke kashe kwaɗo a nan, ba ɓarawo ba. Kada a ɗura masa baƙin mai ko giris, ƙura za ta kama ta zama laka. Garin bakin fensir da aka kankare ya isa, sau ɗaya a wata. A yanko guntun tsohon tub a rufe shi da shi, zai kare ruwa ya kuma hana shi bugun rufi. Mabuɗi ɗaya a jikin na mota, ɗaya a gida, kuma kada a shiga ruwa da shi a aljihu sai cikin jakar da ba ta shan ruwa, ɗaure a jikin rigar ruwa mai hana nutsewa.

Akwai kwaɗo mai jiniya da ke kuka in an taɓa shi. Yana da amfani a matsayin na biyu, ba na farko ba, don ƙarfensa ba ya da ƙwari. Iskar hadari na ta da shi, kuma in ya yi kukan banza sau uku a dare ɗaya, maigadi zai daina leƙowa.

Fakin da kwana

Idan za a kwana, abin da ya fi komai shi ne a sauke jirgin. Otal da yawa za su bari a ajiye shi a baranda, a sito, ko a bayan ɗakin janareta in ka yi magana da manaja tun kafin ka biya kuɗin ɗaki. A can ma a kulle shi a jikin ginshiƙi ko ƙarfen taga. Kayak na hurawa kuwa babu dalilin barinsa a sama, a sace iskar a naɗe a sa a but.

In dole ya kwana a kan mota, kullin ya sauko ƙasa. Leƙa ƙarƙashin motar ta baya ko ta gaba, motoci da yawa suna da zoben ja da aka liƙa da walda a jikin shasi. Sarƙa ta kama nan, ta haɗu da kebul ɗin da ya ratsa jirgin. Zoben ja na murɗawa, wanda ake ajiyewa tare da jak, ana iya kwance shi, sai in sarƙar ta yi taurin da ba zai juya ba. Wasu na zura sarƙa ta cikin rim. Yana aiki, amma ranar da ka manta ka tayar da mota za ka fizgo jirgi da kariya, ka ɓarke tiyon birki. In ka yi haka, rataya tsumma ko jakar sarƙar a jikin sitiyari. Wata dabarar ita ce a buɗe ƙofar gaba da ta baya, a zagaya kebul a ginshiƙin da ke tsakaninsu, a rufe. Tana danne robar ƙofa, ruwan sama na bin kebul ya shiga ciki, kuma ba a tuƙi da shi haka ko na mita ɗari, don a motoci da yawa jakar iska ta gefe a wannan layin take. A Hilux, zobban da ke cikin bodi da noti aka kama su, don haka sarƙa ta bi ta shasi ko ta ƙarfen da aka yi wa walda.

Yadda ka ajiye motar na iya fin kwaɗo aiki. Mai sauke jirgi yana bukatar ko dai fili a baya ya zare shi, ko sarari a gefe da sama ya ɗaga. Ka ja da baya har wutsiyar jirgin ta kusa taɓa bango, gefe ɗaya ya matsu da katanga ko wata mota. Rumfar fakin mai gajeren rufi ta fi fili, amma ka san tsayinka: jif mai mita 1.7 da kariya da jirgi a kwance yakan kai mita 2.3, in a kan gefensa aka tsayar da shi ya wuce haka. Rubuta adadin ka liƙa a gaban direba saboda ƙofofin gidaje da na manyan kantuna. Zaɓi inda fitila ke haskawa kuma maigadi ke hange daga inda yake zama, ba inda kyamara kaɗai ke kallo ba. Ka je ka gaishe shi, ka nuna masa jirgin da kullin, ka faɗa masa ba ka aiko kowa ya taɓa ba, ka ba shi lambar ɗakinka, ka yi masa na goro. Maganar aike tana da muhimmanci, domin mutum biyu da suka zo da rana tsaka suna sauke jirgi a natse, kowa zai ɗauka masu shi ne.

Tamfol na ɓoye launin jirgi da dare. Kada a yi tafiya da shi, iska za ta yayyaga shi, kada kuma a bar baƙi manne da roba a rana.

Filafili, rigar ruwa, kujerar da ake cirewa da jakunkuna duk su shiga cikin mota, a rufe su. Su aka fi ɗauka, musamman a cunkoson Nyanya da Mararaba, inda mota ke tsaye hannu kuma na kaiwa sama. Filafili mai rabuwa biyu ya fi saboda haka.

A hanyar Jos ta Keffi da Akwanga, duk inda aka tsaya, kafin a tashi a bi kowane bel da yatsa daga farko har ƙarshe. Wanda ya fara yanka aka kore shi yakan bar bel a rabin yanka, ba za ka gani ba sai iska ta ƙarasa shi. A yi wannan dubawar lallai kafin Hawan Kibo, inda kwana da manyan motoci ba sa barin wurin tsayawa cikin sauƙi. Jirgin da ya tashi daga rufi a kan hanya ya fi sata muni, rayukan na baya ne. Rasit da takardun fito kuma su kasance cikin mota, don a shingen bincike ana iya tambayar kayan na wane ne.

Shaida a jikin jirgi

Kayak da aka ƙera don kasuwar Amurka yana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 12, a kusa da wutsiya ta hannun dama, a tone cikin robar. Na Turai ma da yawa suna da tasu. Nemo ta, ka ɗauki hotonta, da hoton jirgin ta kowane gefe, da na kowane tabo ko ƙarzuwa da ke bambanta shi, da naka tsaye kusa da shi. Ajiye su a imel, kada su tsaya a wayar salula kaɗai.

Fenti da sitika ba sa kama irin wannan roba, farce na ɓare su. A yi amfani da ƙarfen soda na masu gyaran rediyo a rubuta suna da lambar waya, a saman jirgi ba a gindi ba, zurfin kada ya kai milimita ɗaya. Ɗaya a fili, don mai niyya ya gani ya san kayan zai yi wuyar sayarwa, ɗaya a ɓoye, can cikin ma'ajiyar kaya ko ƙarƙashin kujera.

Na'urar bin sawu tana taimakawa, da sharaɗi. AirTag, ɗan maɓallin bin sawu na kamfanin Apple, ba ya da GPS na kansa, sai wata iPhone ta wuce kusa yake ba da labari. A Maitama ko Wuse zai yi magana, a ƙauyen bayan gari yana iya yin shiru kwana da kwanaki, kuma an yi shi ne ya sanar da baƙon da yake tare da shi. Na'ura mai layin waya ta fi, amma tana son caji, da data, da layin da aka haɗa da NIN wanda ba a bari ya mutu ba. A sa ta cikin ƙaramin gwangwanin roba mai murfi, a cusa can ƙuryar goshi a bayan soson da ke ciki. Sigina na ratsa roba, amma ba ya ratsa jirgin da aka yi da zaren kabon.

In an riga an ɗauke

A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, da hotuna da lambar jiki, a karɓi takardar shaidar rahoton. A roƙi otal ko kanti su ajiye hoton kyamara nan take, don na'urori da yawa na goge tsohon hoto bayan 'yan kwanaki. Masu harkar kayak a Abuja da Jos ba su da yawa, kuma sun san juna, don haka a tura hoton ga masu ba da hayar jirage a Jabi da Rayfield, su ne farkon waɗanda za a kai wa tayi. A riƙa duba shafin saye da sayarwa na Jiji da kasuwar Facebook har tsawon watanni, ba a Abuja kaɗai ba, har da Legas. Inshorar mota ta dole, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba ta biyan kayan da aka sace, cikakkiyar ma sai in an rubuta kariyar da jirgin a cikin takardar tun farko.

In ka ga jirginka a talla, ɗauki hoton tallar da lambar mai sayarwa kafin ka yi magana, kada ka nuna naka ne, kada kuma ka je kai kaɗai. In ka same shi a hannun wani, kada ka yi ihun ɓarawo a cikin jama'a. Mai yiwuwa saya ya yi bai sani ba, kuma taro in ya taso ba ya tsayawa jin bayani, rai ya fi kowane jirgi. Ka je da ɗan sandan da ke riƙe da rahotonka, ka bar shi ya nemi a buɗe ma'ajiyar kaya, ya karanta rubutun da ka ɓoye ya gwada da hoton da ke cikin fayil.